Baturen da Ya Yi wa Baba Bismilla

A shekarun da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, lokacin da babu katangar da ta tsira daga fastar ɗan takara a cikin gari, wata annoba ta shigo aikin gwamnati, wai ita ilimin kwamfuta. Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Aka tara mu a ɗakin malamai aka ce duk wanda bai iya kwamfuta ba ya cire rai da ƙarin girma. Mutumin da ya zo daga ma'aikata ya karanta mana wannan hukunci, na rantse ko rediyon motarsa sai direba ya kunna masa. Amma biro a hannunsa yake. Don haka da aka biya mu ƙarin albashin da aka daɗe ana yi mana romon baka a kansa, ban sayi atamfa ba, ban sayi kwano ba, na nufi benen 'yan kwamfuta.

Sabuwa dai ba ta irina ba ce. Ta hannu na nema, irin waɗanda ake saukewa daga Turai a kwantena tare da firji da tsofaffin tayoyi. Mai shagon wani matashi ne mai ƙamshin turare da zaƙin baki, sai kirana yake Hajiya alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Ya ɗauko wata baƙa, irin ta tafi-da-gidanka, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Ya kunna, ta kama. Wata abokiyar aikina ta riga ta ja min kunne cewa in tambayi garanti, sai na tambaya da muryar wadda ta san abin da take faɗa. Ya kifa kwamfutar ya nuna min wata 'yar takarda mai sheƙi da aka manna a bayanta, an tsaga ta gida biyu. Ya ce ita ce garantin Turawa, da zarar an tsaga ta kamfani ya wanke hannunsa, kuma tun a can aka tsaga, ba shi ba ne. Na miƙe zan tafi. Ya ce in zauna, ai garantin Bature ko da ransa ba zai amfane ni da komai ba, wa zai kai ni ƙasarsu in yi ƙorafi? Ya jawo aljihun tebur, ya ɓallo wata sitika ruwan ɗorawa mai sunan shagonsa, ya danna ta da babban yatsa kusa da tsagaggiyar.

"Hajiya, muddin wannan tana nan, ko tsawa ce ta faɗo mata, dawo min da ita."

Na yarda. Ban duba komai ba, don ban san abin da ake dubawa ba.

Sai da na isa gida na gano batirinta ba ya riƙe wuta ko na shan kofin ruwa, sai dai a bar ta a jone. Mu kuwa a Ƙofar Na'isa, inda nake aure, taransifomarmu ta daɗe da ƙonewa, kowane ɗan takara ya zo ya yi alkawarinta ya tafi. Sai na kwashe ta na kai gidanmu a Dukawuya, inda ake ɗan samun wuta da rana. Shirina shi ne in na tashi daga makaranta in biya, in yi ta danne-danne har magariba, in kama hanyar gida.

Babana baduku ne. A soron gidanmu yake aiki tun kafin a haife ni, yana ɗinka gafakar Alƙur'ani da kuben wuƙa da takalma. Ni ce 'yarsa ta fari, shi kuma mutumin zamanin da ne na ainihi. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yi min magana kai tsaye ba. Ko ina durƙushe a gabansa, sai ya juya wajen Inna ya ce a gaya wa malamar makaranta kaza. In Inna ba ta kusa, bango yake gaya wa. Ni ma bangon nake ba wa amsa. Haka muka rayu, kuma ban taɓa shakkar yana sona ba, don duk takalmin da na taka tun ina ƙarama hannunsa ne ya ɗinka shi.

Shekarar da ta gabaci wannan ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci. Likita ya ce hawan jini ne, ƙwaya ɗaya kullum har ƙarshen rai, in kuwa ya sake faɗuwa to ɓarin jiki zai iya shanyewa, har da hannun da yake riƙe basilla. Baba ya ce shi bai taɓa jin maganin da ba ya ƙarewa ba, wannan ai kasuwanci ne. Ya koma wa tafarnuwa da zoɓo marar sukari. Inna ta tura ƙwayar a cikin tuwo, ya lalubo ta ya ajiye a gefen faifai. Ta dama ta a fura, ya shinshina ya ba kaji. Ni da nake daka wa aji guda na manyan 'yan mata tsawa su yi tsit, ba ni da bakin ce wa mahaifina sha maganinka. Abin yana cina ƙwarai. Duk sanda na ji an buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi.

Soket ɗin da yake aiki a gidan ɗaya ne, na rediyon Baba, a soro. Can na raɓe a lungu na kunna abata. Da ta gama nishinta sai ga wani tsohon Bature ya cika fuskarta, fari fat da gemu, yana tsaye a bakin ruwa riƙe da wani ƙaton kifi, yana dariya har ana ganin giɓinsa. Rubutun da ke ciki kuwa ba Turancin da na koya ba ne, wani yare ne mai ɗige-ɗige a saman haruffa. Na nemi in cire hoton, ta ce sai na ba ta kalmar sirri. Ina na ga kalmar sirri? Tana can wajen mai kifi.

Ina cikin wannan fama, an idar da la'asar ba da jimawa ba, sai ta buga wata 'yar ƙararrawa mai sanyi, ƙil, ƙil. Hoton ƙwayar magani da kofin ruwa ya fito a ƙirjin Baturen. Ta yi shiru, ta sake bugawa. Baba ya ajiye wuƙarsa ya tambayi bango mene ne wannan. Na gaya wa bango cewa da alama tsohon mai ita ne ya saita ta ta riƙa tuna masa lokacin shan magani.

Baba ya taso, abin da bai taɓa yi ba in ina wuri. Ya gyara tabarau ya daɗe yana duban mutumin. Ya ce sa'ansa ne, in ma da tazara ba ta da yawa. Ya ce bel ɗin da ke ƙugunsa aikin inji ne, ba zai yi ƙarko ba, amma kifin dai kifi ne, ba rago ba ne yake kama irinsa. Ƙararrawar ta sake bugawa.

"Shi ma sha yake?"

Na ce wa bango e, da alama kullum.

Ya shafa gemu. Can ya ɗaga murya ya kira Inna.

"Kawo ƙwayar nan da ruwa. Baƙo ya yi maka bismilla a cikin soronka, ai ba ka bar shi ya sha shi kaɗai ba."

Inna ta kusa faɗuwa a dokin ƙofa don sauri. Ni kuma malantar ta motsa, na buɗe baki zan yi bayanin cewa hoto ne kawai da agogo, babu kowa a ciki. Inna ta mintsine ni a cinya, mintsinin da sai da ya yi kwanaki yana min zafi. Na rufe bakina, Baba ya haɗiye ƙwayarsa, ya ɗaga wa Bature kofi.

Ba wai Baba ya ɗauka mutum ne a cikin akwati ba. Ya san rediyo, ya san talabijin, ba a yi masa wayo. Shi dai a lissafinsa, akwai wani dattijo a wata ƙasa mai sanyi da yake shan maganinsa daidai wannan lokaci, kuma ya aiko da sanarwa, to mutunci ya ce a amsa. Daga ranar kwamfuta ta tashi daga tawa. Baba yana kiran Baturen mutumina. In lokacin salla ya yi Inna ta rufe masa fuska da kallabi saboda mala'iku, in an idar a buɗe. Labari ya zaga unguwa. Wani tsohon maɗinki mai ciwon suga ya fara zuwa da nasa maganin a aljihu, sai ga wani mai ciwon gwiwa, sai ga ladan. Kafin wani lokaci soronmu ya zama majalisa, dattawa sun jeru a tabarma kowa da ƙwayarsa a tafin hannu, an yi jugum ana jiran Bature ya ba da izini. In na miƙa hannu zan taɓa madannai don in koyi abin da ya sa na saye ta, sai Baba ya gaya wa bango a daina damun baƙo. Raina yana ɓaci, amma fuskar Baba ta washe, ciwon kan ya tafi, sai na haɗiye.

Matsalar ita ce wuta. In aka ɗauke kafin la'asar, Bature ba ya magana, Baba kuma ba ya sha, wai ba a kira shi ba. Sai aka samo dabara. Akwai mai aski a bakin layi da yake da janareta. Da an ɗauke wuta sai Baba ya naɗe kwamfuta a tsohon zanin Inna, ya rungume ta, dattawa su biyo shi a baya da sandunansu, a je shagon aski a jona. Samari suna jiran aski, tsofaffi sun cike benci suna jiran ƙararrawa. Mai askin bai taɓa yin ƙorafi a gabansu ba, ni yake tarewa a hanya ya yi min.

Zanin nan ne ya dami Baba. Ya ce bai kamata baduku guda ya riƙa yawo da baƙonsa a cikin tsumma ba, abin kunya ne ga sana'a. Na ji maganar ban ba ta muhimmanci ba. Aka tura mu wani gari gyaran takardun jarrabawa, na yi 'yan kwanaki ba na nan. Ranar da na dawo na shiga soro, na tarar da wani abu a kan buzun Baba da ban gane ba sai da na matsa.

Gafaka ya yi mata. Jar fata mai laushi wadda ya daɗe yana ɓoyo, da ado baƙi da kore a gefe, da geza tana lilo. Wallahi ban taɓa ganin aikinsa da ya kai wannan kyau ba. Sai dai ba jaka ya yi ba wadda za a saka a cire. Cewa ya yi sakawa da cirewa wahalar da baƙo ne, don haka ya bi jikinta da gam ya manne fatar sama da ƙasa kamar bangon littafi, ya ɗinke gefuna tsaf. Duk wasu ƙananan ramuka da ya gani a gefe da ƙasa ya toshe su, kada kyankyaso ya shiga. Ƙofa ɗaya ya bari, ta wayar wuta. Na juya ta a hankali, na tambayi bango ina 'yar takardar nan ruwan ɗorawa. Baba ya gaya wa bango cewa ya tarar da wasu tarkacen takardu biyu a bayanta, gam ba ya kamawa a kansu, ya sa wuƙa ya kankare, har ya goge wurin da tsumma.

Ban san ramukan nan ta nan take numfashi ba. Da na sani ma, wa zan gaya wa? Bazara ce, irin wadda ko ƙadangare yake neman inuwa. Kwamfuta ta fara gurnani kamar injin markaɗe. Daga nan sai wani ƙauri, kamar ana babbakar kan rago a maƙwabta. Baba ya ce ƙanshin sabuwar fata ne, wanda bai san fata ba ne zai tsorata. Rannan majalisa ta cika, kowa da ƙwaya a hannu, ƙararrawa ta ce ƙil, ba ta kai ga ta biyun ba fuskar ta yi baƙi. Aka jira. Ladan ya yi mata fifita. Bature bai dawo ba.

Washegari na ce zan mayar wa mai shago. Baba ya sa babbar riga ya ce da shi za a je. Tun da nake ban taɓa shiga mota ɗaya da shi ba sai ranar, shi a gaba rungume da gafaka, ni a baya ina tsara rashin mutuncin da zan yi.

Mai shago ya karɓa yana juyawa, ya rasa ta inda zai fara. Ya ɗauko reza zai yanka, Baba ya karɓe ya ce ba haka ake yi wa fata ba, ya zauna ya farke ɗinkinsa da kansa ɗaya bayan ɗaya. Da bayanta ya fito, mai shago ya duba inda ya manna sitikarsa, ya tarar wurin yana ƙyalli. Ya kwance ta duk da haka. Abin da na gani a ciki ko ni da ban san komai ba na san ba haka kamfani ya yi ta ba. Wani abu an tokare shi da tsinken ashana, wani an liƙe shi da cingam. Ya shinshina ya ce ta dahu, babu abin da zai tashi. Nan fa na sauke masa kwandon masifa. Na ce ya sayar min da gawa an yi mata kwalliya, ya san hannu nawa suka shiga cikinta kafin nawa, ya dube ni ya ce ko tsawa ce in dawo da ita, to ga ni na dawo. Ya bar ni na gama, ya ce cikin ladabi, Hajiya garanti yana jikin sitika, ina sitika? Sannan ya juya wajen Baba ya rage murya ya tambaya ko zai riƙa ɗinka masa irin wannan jaka yana sayarwa, amma banda gam.

Baba ya ninke fatar da ya farke. Yana duban baƙar fuskar kwamfutar ya ce, "Yaro, mutumin da yake ciki fa?"

Da na yi masa bayanin hoton da ƙararrawar, sai yaron nan ya yi dariya, ya saki baki.

"Ai Baba irin waɗannan kayan yawanci na mamata ne. In tsoho ya mutu a can, 'ya'yansa ba sa tsayawa rabo irin namu, tattara komai suke a zuba a kwantena. Wannan ƙila ya daɗe a ƙasa."

Bai sani ba fa. Bai san Baturen ba, bai san garinsu ba, surutu ne kawai irin na 'yan kasuwa. Da ba don Baba yana wurin ba da na kwaɗa masa dutsen niƙan nan a ka.

Muka dawo gida. Bayan la'asar Inna ta kawo ƙwaya da ruwa. Ya dubi ƙwayar ya ce mutumin nan ko sau ɗaya bai taɓa saɓa lokaci ba, ga shi nan kayansa sun ƙare a gwanjo, to me maganin ya tsinana masa? Sannan ya ce a hankali, har hotonsa suka sayar. Ya mayar wa Inna ƙwayarta.

Majalisa ta watse. Kowane tsoho ya koma gidansa yana yi wa iyalinsa gardama. Na sayo agogo mai ƙararrawa na saita shi, da ya buga Baba ya ce wannan ba kira ba ne, tsawa ce, ya ba ladan kyauta. Ciwon kai ya dawo. Na ga yana matse ido in zai zura zare. Wata rana ina zaune a lungu basilla ta suɓuce daga yatsunsa, ya ɗauka, ta sake suɓucewa, ya yi sauri ya rufe hannun da ɗaya hannun don kada bango ya gani. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na shiga ɗakin Inna na yi kuka, na zagi mai shago, na zagi mutumin ma'aikata, har Baturen ma bai tsira ba, da ya tashi mutuwa bai bar wa kowa kalmar sirri ba.

Ina zaune a gaban jeren kwanukan Inna ina share hanci, cokali a hannuna, na ƙwanƙwasa wata kwalla don haushi. Sai na tsaya. Na ƙwanƙwasa samira, ta yi kauri. Na gwada tasa, ta cika amo. Inna tana kallona tana salati, ta ɗauka abin ya taɓa min kai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na kai ga wani tsohon kofin shayi na tangaran mai tsaga a baki. Na taɓa shi da gindin cokali, ya ce ƙil. Inna ta daina salati.

Da aka idar da la'asar Baba ya dawo soro ya zauna. Na laɓe a bayan labulen ƙofar da take shiga cikin gida, kofi a hannu. Mace da 'ya'yanta, malamar makaranta guda, tana wasan yara da mahaifinta. In ya ji haushi ban san inda zan sa fuskata ba. Na taɓa kofin, ƙil, ƙil. Ƙarar wuƙa a kan fata ta tsaya. Na jira kamar yadda kwamfutar take jira, na sake bugawa. Sai a lokacin na lura labulen bai kai ƙasa ba, ƙafafuna suna waje, sanye da takalman da shi ya ɗinka min.

Na fara shirin guduwa. Sai na ji ya yi gyaran murya.

"A kawo ƙwayar nan da ruwa."

Inna ta wuce ni kamar iska. Na ji ƙarar haɗiya, na ji an ajiye kofi. Sannan ya yi magana, ba da Inna ba, ba kuma da bango ba, da labule.

"Allah ya yi wa mutumin nan albarka. Allah ya ba shi masu yi masa kamar yadda yake yi min."

Inna ta ce amin da ƙarfi tana dubana. Ni kuwa na cusa gefen mayafina a baki. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya sa min albarka da kunnena ba, sai dai a kawo min labari.

Ƙarin girma ya wuce ni a wannan zagaye, kuma har yau da yatsa ɗaya nake danna kwamfuta. Kofin tangaran ya koma jakar makarantata, kullum in na tashi sai Dukawuya, har iya shekarun da Allah ya ƙara masa, yana riƙe da basillarsa. Tun a makon farko taron malamai ya riƙe ni, na iso a guje rana ta yi sanyi. Na tarar ƙwaya da ruwa suna ajiye a gefen buzu bai taɓa ba, yana ɗinki bai ɗago ba. Ina wucewa zuwa bayan labule na ji yana gaya wa bango cewa a faɗa wa Bature agogonsa ya fara latti.